Motar da Na Zaɓa wa Kawu

Ana idar da sallar asuba ranar Asabar muka ɗau hanya daga Abu Hail, mu uku. Ni ne a sitiyari, Kawu a kujerar gaba, abokina Badamagare a baya rungume da kular abinci. A bayanmu muna jan ɗaki guda mai taya, irin wanda a nan ake ce wa karaban, da gado da banɗaki da esi mai sanyaya ɗaki a cikinsa. Da yawanku kun ga hoton da na ɗora a safiyar, kuka yi ta yi mini tsiya wai na zama Balarabe. Tun daga ranar ban sake ɗora komai ba, masu tambayata ko lafiya ma ban ba su amsa ba. Yau zan ba da amsar, kuma ba mai daɗin ji ba ce.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, shi ya kawo ni Dubai ya ɗora ni a kan sana'ar kayan gyaran mota. Shekararsa ashirin da huɗu a nan yana saye yana aikawa Kano. Shekara biyu da suka wuce ƙodarsa ta daina aiki, ya koma sai an yi masa wankin ƙoda sau uku a mako: Lahadi, Talata da Alhamis. Bana ya ce ya gaji, zai koma gida gaba ɗaya. Aka samar masa wurin wanki a Kano, aka yanki tikitin Juma'a mai zuwa, likita ya ce zai sa hannu a takardar hawa jirgi muddin bai tsallake wanki ko ɗaya ba. Babban burin Kawu ke nan, ya sauka a Kano da ƙafarsa. Amma sai ya ɓullo da wata ƙaramar buƙata. Ya ce in jikoki suka tambaye shi me ya gani a ƙasar Larabawa, ba shi da amsa sai kanti da masallaci da filin jirgi. Yana so ya yi kwana ɗaya a cikin duwatsun nan da yake hangowa ta tagar jirgi. Likita ya yarda da sharaɗi biyu: kada ya wuce ruwan da aka auna masa, kuma ranar Lahadi ƙarfe biyu na rana ya kasance a kan gadon wanki.

Karaban ɗin wani kwastomana ne ya ara mini, shi ya kuma kwatanta mini wurin da za mu sauka. Maganar motar da za ta ja shi kuwa ni na ɗauke ta a kaina. Dama na daɗe ina son sayen akori-kura, don ɗaukar kaya a ranakun aiki da fita daji a ƙarshen mako. Akwai wani dillalin motocin Amurka na hannu a Ras Al Khor da muke hulɗa, ya ce in zo in ɗauki wadda nake so in gwada ta kwana biyu, in ta yi mini sai a yi ciniki. Ranar Laraba muka je da Badamagare, dillalin ya tsayar mana da guda biyu gefe da gefe. Ɗaya irin wadda ake ce wa rabin tan ce: fara, mai fetur, kujerun fata masu laushi, in ka rufe ƙofa ba ka jin hayaniyar waje. Ɗayar ita ce babbar, wadda suke kira hebi: mai dizal, taya huɗu a baya, sai ka kama ƙarfe kafin ka ɗane ta, fentinta ya koɗe. Na zagaya layi ɗaya da ita, haƙorana suka yi ta haɗuwa saboda taurin sifirin. Ta fi tsada nesa ba kusa ba. Ni kuma da nake zaune a International City, inda ƙaramar mota ma sai ka yi zagaye uku kafin ka sami inda za ka ajiye ta, ban ga inda zan kai wannan ƙatuwar ba.

Dillalin ya ga hoton karaban ɗin, ya karkata kai ya ce, "A kwalta mafi mushkila, babu matsala, habibi. A dutse kuwa..." sai ya juya tafin hannunsa. Ban bi ta kansa ba, na ce dillali ne, mai tsadar yake so ya cusa mini.

Badamagare ne ya tsaya a kan maganar. Ya yi karatun kanikanci a ƙasarsu Nijar da Faransanci, aikinsa a nan kuma loda kwantena, saboda haka duk abin da ya gani sai ya auna shi da ido. Sai dai kun san tsakanin Bakano da Badamagare, wasa ne tun kaka da kakanni. Shekara bakwai muna tare ban taɓa jin wata magana ta fito daga bakinsa zuwa gare ni babu tsokana a ciki ba. Gaisuwa ma sai ya haɗa da "bawana", ni ma haka nake rama masa. Ya buɗe ƙofar farar motar, ya karanta 'yar takardar da ke manne a jikin ƙarfen, ya danna wayarsa.

"Bon, bawana, zo ka ga kalkil, ga lissafi," ya ce. "Nauyin da karaban zai danna a kan ƙugiya, da mu uku, da janareta, da jarkokin ruwa, duk a wuyan wannan amaryar taka. Ta cika har ta zuba. Amma na san Bakano, in an ce ya ƙara sisi sai zazzaɓi ya kama shi."

Na yi dariya na ce wanda ya tashi a bayan raƙumi me ya sani a mota. Na ba shi labarin akori-kurar da ba ta kai rabin wannan ba, wadda na sha gani tana fitowa daga Dawanau da buhuna har sun fi ta tsayi, ga mutane a sama, kuma ta kai inda za ta. A gida ba ma tambayar nawa mota za ta ɗauka, sai dai mu tambayi ko akwai sauran wuri. Na ce lambar da ke jikin ƙofa tsoron Bature ne kawai. Na ƙara da cewa bayan Kawu ba zai jure girgizar hebi ba. Wannan gaskiya ne, amma in faɗa muku tsakani da Allah, sai da zuciyata ta gama zaɓar farar sannan na nemo wannan dalilin.

To, mu koma kan hanya. Fita daga Dubai a irin wannan lokaci ba ka haɗuwa da kowa sai fararen motocin leburori, kowa a ciki ya jingina kai da gilashi yana ƙarasa barcinsa. Gine-gine suka fara raguwa, yashi ya fara ja. Tun a nan na lura da abu biyu, na yi kamar ban gani ba. Bayan motar ya zauna ƙasa, hancinta ya ɗaga sama. Sannan duk lokacin da tirela ta wuce mu sai karaban ɗin ya kaɗa gindi, sitiyari ya yi sako-sako a hannuna. Kawu bai san ana yi ba. Ya kwantar da kujera ya ce wannan ai ta fi gadon asibiti laushi, ni kuma na kalli Badamagare ta madubi ina murmushin wanda ya ci gardama.

Muka tsaya a wani gidan mai ta wajen Maliha. Shayin karak dirhami biyu kofi, waina mai ƙwai irin ta Indiyawa dirhami biyar, ɗaurin itace kuma ashirin, ƙirare shida kacal a ciki. Kawu ya ce wanda ya sayar da wannan a ƙauyensu da wannan kuɗin, sai an kai shi gaban mai unguwa. Shayin ma leɓe kawai ya jiƙa ya miƙo mini, saboda ruwansa na yini guda yana cikin gora ɗaya da aka ja wa layi-layi da biro. Motar da na zaɓa don tattali kuwa ta riga ta sha mai abin mamaki. Badamagare ya zagaya ya taɓa tayar baya, ya janye hannunsa da sauri ya ce amaryata tana zazzaɓi, in saya mata magani. Na ce hassada ce.

Da hantsi duwatsun suka bayyana, baƙaƙe ƙirin, babu ko ciyawa, kamar an tara gawayi. Manyan motocin fasa dutse suna ta sintiri a ƙarƙashinsu. Kawu ya ciro carbinsa, idonsa a waje. Muka bar kwalta muka shiga hanyar tsakuwa, muka yi kusan awa guda a cikinta muna rarrafe. Tun a farkonta sabis ɗin waya ya ɗauke. A ƙarshe hanyar ta gangara cikin wani kwari ta wasu kwanoni uku masu tsini. A nan na fara jin tsoro na gaske, don karaban ɗin ne yake tura mu, ba mu muke jan sa ba. Na take birki har ƙaurinsa ya cika motar. Da muka sauka ƙasa lafiya Badamagare ya ce, "Wala, ga shi mun sauka. Gobe sai mu nemo jakunan Kanawa su fitar da mu." Kawu ya yi dariya har da tari, ni ma na yi.

Wurin yana da kyau, ba zan tauye masa haƙƙi ba. Itatuwan ƙaya ne jefi-jefi, da wani ɗan tafki a gindin dutse wanda ruwansa bai wuce gwiwa ba, da shirun da ban taɓa ji ba tun da na zo ƙasar nan. Muka kafa wa Kawu kujera a inuwa. Badamagare ya gasa nama, ya ware na Kawu babu gishiri, Kawu ya ci yanka uku yana cewa wannan ba nama ba ne, hukunci ne. Da la'asar ya sa muka riƙe shi ya taka har bakin ruwan ya tsoma ƙafa. Shi ya ja mu sallar magariba a zaune, muryarsa tana dawowa daga jikin dutse. Da muka idar ya dubi duwatsun ya ce, "Ashe haka ƙasar take." Na ji daɗi ƙwarai a lokacin, na ji na saka masa da wani abu cikin abin da ya yi mini.

Ranar Lahadi ƙarfe takwas muka gama haɗa kaya. Awa uku ce zuwa asibiti, muna da rarar awa uku. Na ɗauko hawan da gudu, muka wuce kwanar farko, a ta biyu tayoyin baya suka fara tono tsakuwa, motar ta tsaya tana ihu. Wata jar fitila ta kama a gabana, rubutu ya fito wai giya ta yi zafi. Da ƙyar na koma ƙasa da baya, Badamagare yana gefe yana nuna mini hannu. Muka jira rabin awa ta huce, muka zubar da ruwan tanki, muka jefar da ragowar itace. Na sake gwadawa, muka tsaya kusan a inda muka tsaya da fari, na sake komawa ƙasa. Yanzu ƙarfe goma saura.

Badamagare ya leƙo ta tagata, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ya ce, "Bawana, khalas, ya isa haka. Cire gidan nan mu fitar da Kawu, gobe a dawo a ɗauka. Ba mai sace maka shi, nan ba Kano ba ce."

Wannan ita ce maganar da ta fi kowace muhimmanci a duk tafiyar, ni kuma abin da kunnena ya ɗauka shi ne "nan ba Kano ba ce". Na ce masa Bakano ba ya barin kayan aro a daji, wannan ɗabi'ar Damagarawa ce. Raina yana gaya mini saura ƙiris ne, in na ƙara gudu kaɗan zan haye. Ga kunyar in koma wurin mai karaban in ce na baro masa shi a rami. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ka san mota, ɗana." Na ce yalla, wato mu je, na take totur har ƙasa.

Mun wuce kwana ta biyu. Muna dosar ta uku sai na ji wani ƙara daga ƙarƙashin ƙafata, injin ya ci gaba da kuka amma tayoyi suka daina ja. Wani wari mai ɗaci ya taso. Karaban ɗin ya fara jan mu baya, birki ya kasa riƙe mu duka, muka sulale har ya karkace ya daki dutse ya tokare, motar ta naɗe a jikinsa. Allah ne ya sa ta wajen dutse ya karkata, ba ta wajen rami ba. Muka fito da Kawu. Muka sa jak muka raba motar da karaban ɗin da ƙyar, na shiga na sa giya, ba gaba ba baya. Jan mai yana ta zuba a kan tsakuwa. Motar da za ta iya hawa dutsen nan da mu uku ba tare da wahala ba minti ashirin da suka wuce, yanzu ko taku ɗaya ba za ta yi ba.

Badamagare ya tsaya yana kallon man. Ya ɗago ya kira ni da sunana na yanka, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Wallahi ba wasa nake ba. Tun ranar Laraba ba wasa nake ba." Bai jira amsata ba, ya ɗauki gorar ruwa biyu, ya naɗe kansa da tawul, ya kama hawan dutsen da ƙafa don neman sabis ko mutum.

Ni na zauna da Kawu. Na tayar da janareta na shigar da shi karaban ɗin, duk da ya karkace, esi ya yi ta aiki har zuwa azahar, sannan man janareta ya ƙare. Cikin 'yan mintuna ɗakin ya zama tanda, dole na fito da shi na jinginar da shi a jikin motar, na ɗaura zanin gado ya yi masa inuwa. Dutsen yana mayar da zafi ta ko'ina. Kwana uku ke nan rabonsa da wanki. Ƙafafunsa suka kumbura har na cire masa takalmi, numfashinsa ya koma gajere, in ya kwanta sai ya ce a tayar da shi. Ruwan gorarsa ya ƙare tun kafin rana ta take. Leɓensa ya bushe ya tsattsage, ya dube ni ya ce, "Ɗan ƙara mini." Na san likita ya hana, na kuma san mutum ba ya zama a wannan zafin babu ruwa. Na ba shi. Bayan ɗan lokaci ya sake roƙo, na sake ba shi. Har yau ban san ko daidai na yi ba.

Can ya tambaye ni ƙarfe nawa. Na ce biyu da kwata. Ya gyaɗa kai ya ce, "Sun sa wani a gadona yanzu." Sai na fashe da kuka, ƙato da ni, na ce Kawu ka yafe mini, ni na jawo. Ya ɗora hannunsa a kaina, yana magana yana hutawa. Ya ce shi ma ai ya ji abin da Badamagare ya faɗa, shi ma dariya ya yi. Ya ce in daina kuka in taya shi salati, numfashinsa ba ya isa. Haka muka zauna, ni ina yi da ƙarfi, shi yana motsa baki. Ban taɓa jin yini mai tsawon wannan ba, kuma ban taɓa tsanar kaina kamar ranar ba.

La'asar ta yi sosai kafin na ji ƙarar inji daga sama. Badamagare ya yi tafiyar sama da awa huɗu kafin ya iske wani garken awaki, mai garken kuma wani dattijon Balarabe ne da ya kawo wa dabbobinsa ruwa. Motarsa hebi ce, tsohuwa, irin wadda na ƙi, da tankin ruwa a bayanta. Ya sauko ya kalli farar motata, ya kalli karaban, ya kalle ni, ya yi lahaula. Muka ɗaga Kawu muka sa a kujerar baya, na zauna na rungume shi ta baya don ya samu ya zauna a miƙe. Motar ta juya ta hau dutsen nan da tankinta da mu huɗu, ko sauya murya injin bai yi ba. Kowane rami muka faɗa sai Kawu ya yi nishi, dattijon yana cewa shwaiya shwaiya, wato sannu-sannu, amma bai rage gudu ba. Girgizar da na ce ina kare shi daga ita, ga shi ya sha ta a lokacin da ya fi kowane rauni.

Sun riga sun kira motar asibiti tun daga garken, muka same ta a bakin kwalta tana jira. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, ban ga gazawar kowa ba. Kafin a isa asibiti mafi kusa zuciyarsa ta tsaya sau ɗaya, suka dawo da ita. An yi masa wankin a daren, amma bai sake buɗe ido ba. Ranar Laraba da hantsi Allah Ya karɓi abinsa. Takardu suka ɗauki kwanaki, sai ranar Asabar muka binne shi a nan, kwana ɗaya bayan tashin jirgin da aka yankar masa tikiti. 'Yan Kano da 'yan Nijar sun cika maƙabartar, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa ciwon ya zama kaffara.

Na tambayi likitan ko jinkirin ne. Ya ce zuciyar dama ta gaji, ba zai iya cewa abu kaza ne shi kaɗai ba. Masu ta'aziyya kuma kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda da wannan, da shi zan mutu. Amma na san wanda ya tsaya a Ras Al Khor ya nuna farar mota, na kuma san wanda ya take totur a karo na uku. Imani da ƙaddara bai goge mini wannan ba.

A barandar asibiti, cikin kwanakin jiran nan, Badamagare ya zauna kusa da ni da ƙafafunsa a naɗe, don tafin duk ya saluɓe. Na ce masa me ya sa bai kama ni ya girgiza ni ba tun ranar Laraba. Ya ce, "Ni ma da laifina. Na ga abin sarai. Amma ban san yadda zan yi maka magana ba in ba da wasa ba. In na buɗe baki in gaya maka gaskiya, sai tsokana ta riga ta fita." Ni ma da ni ne a matsayinsa haka zan yi. Har yanzu muna tare, kullum sai ya leƙo ni, amma gaisuwarmu ta koma irin ta kowa.

Na koma ɗakina a International City da yammacin ranar jana'iza, mako guda cif da fitarmu. Dattijon nan ne ya fito da karaban ɗin da motarsa, ya ƙi karɓar komai. Farar motar kuma a bayan wata motar aka dawo da ita.

Masu tambayata wacce za su saya, ga abin da na koya, kuma da tsada na koya. Rabin tan ba mummunar mota ba ce. In tanti ne da kula da iyali, ko ƙaramin abin ja a kan kwalta, ta wadatar, ta kuma fi daɗin zama da sauƙin ajiyewa. Amma in ɗaki za ka ja ka shiga dutse da shi, ɗauki babbar, ko ka rage ɗakin. Karanta takardar jikin ƙofa, ka haɗa nauyin mutane da ruwa da abin da ke danna ƙugiya, kada ka yi lissafi da abin da ka gani a hanyar Dawanau. Motocin can suna isa, amma ba ma ba da labarin waɗanda ba su isa ba. In ta gaza sau ɗaya, cire abin da take ja ka fitar da mutane. In kuma akwai wanda asibiti ke jira a cikinku, kada ka kai shi inda waya ba ta shiga. Sannan in abokin wasanka ya maimaita tsokana ɗaya sau uku, tsaya ka tambaye shi ko da gaske yake.

Shekaranjiya da safe wata lamba ta Najeriya ta kira ni. Wani ma'aikacin kamfanin kago ne, masu jigilar kaya, a Kano, muryarsa a sake, bai san komai ba. Ashe Kawu ya aika kayansa tun mako uku kafin tafiyarmu, ya rubuta sunansa a matsayin mai karɓa, ya sa lambata a ta biyu. Mutumin ya ce kaya sun sauka lafiya, jaka goma sha ɗaya babu wadda ta ɓace, sun yi ta kiran Alhaji ba ya ɗagawa. Ya ce in gaya masa ya zo da kansa da fasfo ɗinsa, don ƙa'idarsu ba sa ba wa kowa sai mai sunan. Na zauna a bakin gado da wayar a kunnena. Ya ce, "Hello, kana ji na? Ai ya iso gari ko?"

Na ce masa a'a, bai iso ba.